Ƙwan enaji mai murɗe: ya rage mini kuɗin wuta, amma ba zan ƙara saya ba

Tun da aka saka mana mitar kati na cire jajayen ƙwayayen gidana na maye su da farare masu murɗe, waɗanda ake kira enaji. Maganar gaskiya, tsimin da ake faɗa ba ƙarya ba ne. Mai wat 15 yana ba da hasken da jan ƙwai mai wat 60 yake bayarwa. In ana kunna shi awa shida kullum, jan ƙwai zai sha kusan yunit 11 a wata, shi kuwa bai kai uku ba. Ka lissafa da falo, ɗakuna, kicin da zaure, ka ga abin da ya rage maka, balle ga waɗanda aka mayar wa yunit naira 225 a Afrilun 2024. Kuma ba ya gasa ɗaki. Jan ƙwai kusan duk wutar da yake ci zafi take zama, a watan bazara kuwa wannan ba ƙaramar azaba ba ce. Ƙaramin janareta ma yana ɗaukar gida duka ba ya nishi.

Inda ya ba ni haushi shi ne ƙarko. A kwali za ka ga an rubuta awa 6,000 ko 8,000, amma hakan sai inda wuta take tsaye. A layinmu wuta takan yi ƙasa da magariba, ta dawo da ƙarfi cikin dare, kuma 'yan na'urorin da ke cikin gindinsa ba sa jure wannan. Da farko sai ka ga bakin gilashin ya yi baƙi, farar robar ta koma ruwan ƙasa, wata rana ka ji ƙauri, shi ke nan. Na banɗaki ya fi saurin mutuwa saboda yawan kunnawa da kashewa. Da asubar hunturu kuma sai ya ɗauki wajen minti guda yana dishi-dishi kafin ya washe.

Ga jabu ya cika kasuwa. An rubuta wat 40, ka ɗaga ka ji shi sakayau, ka kunna ka rasa inda hasken yake. Kada ka bar shago sai mai kaya ya gwada maka shi, kuma ka duba ko gindinsa mai fin ne ko mai murɗawa kafin ka biya.

Abin da ya fi damuna, wanda masu sayarwa ba sa faɗa, akwai zaiba a cikinsa, wato ruwan ƙarfen nan da ake kira mercury. 'Yar kaɗan ce, amma guba ce, musamman ga yara da masu juna biyu. In ya fashe, a fitar da yara, a buɗe taga na kwata ɗaya na awa, a kwashe gilashin da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe a kwalba. Ban da tsintsiya, ban da jefawa a bolar da ake ƙonawa. Saboda zaibar nan ne ƙasashen yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a duniya, har da Najeriya, suka amince a 2022 a daina ƙera ƙananansa da shigo da su bayan 2025.

Waɗanda suka rage mini da rai ina barinsu su ƙare kwanansu. Duk wanda ya mutu, sabon samfurin ƙwai na LED mai wat 9 nake sakawa a gurbinsa: haske ɗaya, wuta ƙasa da haka, yana kamawa nan take, kuma babu zaiba.