Mukulli biyu, sensa ɗaya: abin da mai yankan mukulli ya yi wa motata

Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya san galibi da mukulli ɗaya take zuwa. Tawa Camry ce ta 2009, wadda ake ce wa Muscle, 'yar Amurka, kuma haka dillali ya miƙo min ita da mukulli guda mai rimot a kansa. Robar ta tsage ta wajen wuya, na naɗe da salatif ina ta lallaɓawa, har ta kai sai na kama ƙarfen da yatsu kafin in murɗa. Ga uwargida takan ɗauki motar ta kai yara Islamiyya, kullum gidan ana cikin "wa ya ɗauki mukulli". Shi ya sa na nemi a yanka min na biyu, a kuma sauya wa tsohon riga.

Aka haɗa ni da wani mai yankan mukulli ta wajen Ƙofar Ruwa a Kano. Ba zan faɗi shagonsa ba, masu zuwa wajen za su gane irinsu. Ya juya mukullin a hannu, ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙaramin aiki ne. Bar min motar, je ka yi la'asar ka dawo." Kuɗin da ya faɗa bai kai abin da aka yanka min a wasu wurare ba, kuma kun san yadda farashin mukulli mai sensa yake yanzu, wato ɗan abin tsaron da ke cikin kan mukulli, wanda sai mota ta gane shi take tashi. Na dawo na tarar da mukullai biyu sababbi fil, kowanne na saka mota ta tashi bugu ɗaya. Gaskiya a ranar na ji daɗi. Har a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp na yabe shi, na ce ga mai sauƙi ga iya aiki. Abu ɗaya ne ya ƙi, rimot ɗin sabon mukullin ba ya buɗe ƙofa. Da na yi magana sai ya ce, "Sai ya kwana biyu ya saba da motar." Rimot ne ko amarya? Na yi dariya na tafi, tunda na tsohon yana aiki.

Ana nan sai ga zafin watan Afrilu, irin wanda sitiyari ba ya taɓuwa in mota ta wuni a rana. Na kai Hajiya Kantin Kwari sayen atamfar biki. Muka fito da kaya niƙi-niƙi, na zuba a but, na murɗa mukulli. Kik yana juyawa lafiya lau, injin ya ƙi kamawa. Na sake, haka. Kafin ka ce kwabo an kewaye ni, kowa ya zama bakanike. Wannan ya ce batir ne, alhali ga kik yana juyawa da ƙarfinsa. Wancan ya ce famfon mai ne, ya durƙusa yana dukan tanki da tafin hannu. Wasu samari suka ce a tura, na ce musu otomatik ce. Masu a daidaita sahu suna ta danna min hon don na tare musu wajen ɗaukar fasinja. Hajiya kuwa mai hawan jini ce, tana zaune a baya gumi na zuba, tana cewa, "Kai dai kada ka tayar da hankalinka." Dole na tare mata a daidaita ta wuce gida ita kaɗai da kayanta. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Na aika aka karɓo ɗaya mukullin daga gida, shi ma dai kanwar ja ce.

Mai wayarin ɗina ne ya gano. Yana zuwa bai ko buɗe bonet ba, ya zura mukulli ya zuba wa dashbod ido. Ya ce, "Yallaɓai, dubi jar fitilar nan ta tsaro. In mukulli ya shiga ya kamata ta mutu, ga ta tana ta ƙyaftawa. Motar ba ta san mukullinka ba." Ya kwance murfin ƙasan sitiyari. A jikin zoben da ya kewaye ramin mukulli sai ga busasshen sufa gulu da guntun baƙin salatif yana reto, zafi ya narkar da danƙonsa. Ya karkata murfin a hankali, wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar wake ba ya gangaro tafin hannunsa. Sensar mukullina ce ta asali.

A nan na fahimci aikin da aka yi min. Wannan zoben shi ke karanta lambar da ke cikin sensa duk lokacin da aka zura mukulli, ba ta ma buƙatar batir. In lambar ta yi daidai da wadda kwamfutar motar ta sani, sai ta bar injin ya tashi, in ba ta yi ba sai dai ka yi ta kik har batir ya mutu. To mutumin nan bai sayi sabuwar sensa ba, bai saita komai ba. Fasa tsohon mukullina ya yi, ya ciro guda ɗayar da nake da ita, ya manna ta a jikin zoben, ya ba ni ƙarafa biyu fanko. Ma'ana tun daga ranar, duk wanda ya samu ƙarfe mai irin yankan mukullina zai tayar da motar ya yi gaba. Na ajiye ta a masallacin Juma'a, na ajiye ta a bakin kasuwa, ta kwana a ƙofar gida, ba ta da wani tsaro. Kuma mutum ɗaya da ya san haka shi ne wanda mukullina ya zauna a hannunsa da injin yanka a gabansa. Ban ce ɓarawo ba ne, Allah ya sani. Amma ya karɓi kuɗin saiti, da bakinsa ya faɗa, kuma bai yi saiti ba.

Da na koma masa ko kunya babu. "Alhaji, ai haka kowa yake yi. Taimakonka na yi, da sabuwa na saka da kuɗin ya ninka." Na ce to me ya hana ka faɗa min in zaɓa da kaina? Sai maƙwabtan shago suka taso da a yi haƙuri, a yi haƙuri. Ko sisi bai mayar ba, har kuɗin rimot ɗin da bai taɓa aiki ba.

Mai wayarin ne ya kira min wani matashi mai aiki da na'ura. Shi kam ya san abin da yake yi. Ya nuna min ɗan ɗigo a jikin ƙarfen tsohon mukullina kusa da kai, ya ce wannan alamar ita ke nuna irin sensar da motar ke karɓa, Toyota na bayanta harafin G ne a wajen, na bayansu kuma H, kuma ba a saka wata a madadin wata. Ya mayar da ta asalin cikin mukulli, ya jona na'urarsa a soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, ya shigar da sabuwa. Bai ɗau lokaci ba, don babban mukullin, wato mai sensar asali, yana nan. Ya ce in gode wa Allah a cikin murfi ta faɗa, da a ƙasan Kwari ta faɗi, sai an taɓa kwamfutar motar an sake mata saiti daga tushe, kuma wannan kuɗinsa daban ne. Rimot ɗin da aka ce sai ya saba, ya kara shi a wata 'yar na'ura ya danna, ta nuna 433, wato lambar zangon da rimot ɗin ke aika wa mota saƙo a kai. Motar Amurka kuwa 315 take ji. Ya ce, "Baba, wannan ko shekara goma ya yi a aljihunka ba zai buɗe ta ba." Abin da ya fi burge ni, da ya gama sai ya ɗauki fankon ƙarfen nan ya ce in gwada da hannuna. Na murɗa, kik ya juya, mota ta ƙi tashi. Ban taɓa jin daɗin ƙin tashin mota ba sai ranar.

Sai dai shi ma kada in cika yabo, na ga inda yabon farko ya kai ni. Ya ce min yana Gadar Lado ga shi nan, sai da aka yi magariba ya iso. Da aka zo biya ya ƙara kuɗin zuwa, wanda bai ambata a waya ba. Rimot ɗin da ya kawo ɗan Chana ne, sai na matso jikin mota yake ji, alhali tsohon daga cikin falo nake kulle ta. Maɓallin but ya fara lotsawa, batirin da ya zo da shi kuma bai yi ƙarko ba, sai da na sayi CR2016 na sauya. Bayan na biya ne yake ce min ai akwai na asali ɗan Beljiyom in ina so, da ƙarin kuɗi. To me ya sa ba a faɗa tun farko? Wannan hali na ɓoye wa mai kaya zaɓi kamar a jinin sana'ar yake. Duk da haka, in za a sake, shi zan kira, amma a gabana za a yi aikin, kuma sai mun gama maganar kuɗi kafin ya taso.

Ɓarnar na farkon ma ba ta ƙare ba. Yankansa da kaushi, tun daga lokacin ramin mukullin yake cijewa, da safe sai na ɗan jijjiga kafin ya murɗu, kuma an ce min gaba sai an sauya. Wani ɗan'uwana da ya ga yabona a guruf ya kai masa Honda Accord ɗinsa, wadda ake ce wa EOD. Na kira shi na ce maza a buɗe murfin sitiyarinsa a duba. Aka buɗe, tasa ma manne take a zobe, sai dai shi da cingam ɗin gam aka liƙa tasa, ba ta kai ga faɗuwa ba. Ya ce shi ba zai je shagon ba, wajen shugabannin kasuwar zai kai ƙara, ya kuma ce in shirya zan zo shaida.