Sayayya ta waya a Zariya, ni dai ga kaya ga kuɗi

Masu tambaya ta ta ina nake sayen kaya a onlayin, to ku sani hanyoyin ba iri ɗaya ba ne. Akwai manyan kamfanoni masu saida wa mutum kai tsaye irin su Jumia da Konga, duka tun 2012 suke. Akwai inda mutum ke saida wa mutum ɗan uwansa, irin Jiji da Facebook da sitatus na WhatsApp. Sai kuma sari daga Chana ta Alibaba ko 1688, wannan na 'yan kasuwa ne, shi 1688 ɗin ma da yaren Chana yake sai kin nemi ejan ya biya miki da kuɗinsu ki zauna jiran jirgi, in atamfa ɗaya kike so me ya kai ki. Su Temu da AliExpress akwai araha amma kuɗi gaba, kuma abin da hoto ya nuna miki kamar tukunya ya iso kamar kofi.

Ni wadda na riƙe ita ce in ga kaya a waya, mai kayan nan cikin gari take, mu haɗu in taɓa da hannuna sannan in tura kuɗi. Mu haɗu a PZ ko bakin get ɗin Samaru da rana tsaka, ko ta ba ɗan acaɓa ya kawo min ƙofar gida in warware turmin in auna, yadi shida ne ko an gutsire, in kalli kalar a hasken rana don fitilar da suke ɗaukar hoto da ita maƙaryaciya ce wallahi. Ya yi min, in yi taransifa tana tsaye ta ga alat. Bai yi ba kuɗin mashin kawai na yi asara. Wani lokacin ya ɗan fi na Sabon Gari tsada, na yarda, ai hutun shiga rana na saya. Ko a manyan kamfanonin in sun ba da zaɓin biya bayan an kawo shi nake dannawa.

Abin da ya sa na zama haka, gab da wata ƙaramar salla na tura wa wata kuɗin leshi, wai tana Kano kusa da Kwari, ta ce ta ba direba zai sauke a Kwangila. Na tura ƙanina ya wuni a tasha, lambar direban a kashe, da magariba na duba ta yi bulokin ɗina. Har yau.

Don haka in dole sai kin biya kafin a aiko, ki duba sunan akawun, in shago sunansa daban akawun ɗin sunan wani namiji can daban, tsaya. Ki ce a kira ki bidiyo a nuna miki kayan a hannu ana juya shi, mai gaskiya ba ta jin haushin wannan, ɓarauniya kuwa nan take za ki ji kyamarata ta lalace. Shafin da aka rufe wajen sharhi, ko aka buɗe shi watan jiya amma mabiya dubbai, ko mai cewa saura biyu Hajiya yi sauri, duk ki ja baya. Bayan kin biya in aka kira ki wai a ƙara kuɗin fito da kaya a tasha, an ci na farko ne ana neman na biyu. Lambar nan da banki ke turowa waya kuwa ko wa ya tambaya kar ki karanta masa, ko ya ce kuɗinki zai maido.

Ku ma masu saidawa ana yi muku, alat na bogi ya yi yawa, kar ki saki kaya don an nuna miki hoton rasit, buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna tukuna, ko da mai sayen na tsaye yana cewa Hajiya sauri nake.