Takalmin nutso da na riƙe, da waɗanda na ajiye

Mai sayen takalmin nutso daga Maraɗi ba shi da damar da ɗan bakin teku yake da ita. Shi idan ya saya bai yi masa ba, gobe sai ya koma kanti ya canzo. Mu kuwa sai an yi saƙo Kotonu ko Alƙahira, ko a jira wani mai dawowa daga Dubai, kuma abin da ya iso da shi za a zauna shekaru. Shi ya sa nake so in faɗi abin da ƙafata ta gani game da faffaɗan takalmin nan mai kama da ƙafar agwagwa. Na koyi nutso da kwalbar iska a Dahab, bakin Bahar Maliya, lokacin ina karatu a Masar. A nan gida kuma ina motsa ƙafa a wurin iyo na otal da tafkin Madarunfa, da gilashin ido da bututun numfashi kawai, domin zurfin tafkin bai kai a goya masa kwalba ba.

Sabon ɗan nutso yakan zuba kuɗinsa a kan agogo da riga, ya bar takalmi a ƙarshe. Ni a wurina takalmin ne ke yanke maka tsawon zamanka a ƙasa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kowane bugun ƙafa aiki ne. Kwalba mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 (bar shi ne awon matsin iskar da ke cikinta) tana ɗauke da iska lita 2400, kuma a zurfin mita 10 numfashi ɗaya yana cin ninki biyu na abin da yake ci a sama, a mita 20 ninki uku. Idan ƙafa tana wahala, ƙirji zai yi ta zuƙa, allurar ma'auni ta gangaro bar 50, lokacin fitowa ya yi, tun abokan tafiyarka ba su gama kallon murjani ba.

Na fara da irin wanda ake zura ƙafa tsirara, dunduniya a rufe. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, kuma a wurin iyo ko ga mai faɗawa ruwa daga jirgi yana aiki sarai. Amma a Dahab yawancin wurare da ƙafa ake shiga daga gaɓa, a kan duwatsu, mutum na goye da kaya masu nauyi. A Madarunfa ma sai ka taka laka mai ƙaya da tsofaffin ƙugiyoyi kafin ruwa ya kai maka ƙugu. Wanda zai yi irin wannan shiga yana bukatar boti na roba mai taushi, mai kaurin milimita 3 ko 5, sannan takalmi mai buɗaɗɗiyar dunduniya a kansa. Wannan maganar a wurina ta ƙare tun tuni.

Inda na daɗe ina juyayi shi ne kan mai tsaga a tsakiya. Ranar da na fara sa shi na ji kamar ba komai a ƙafata. Gwiwa ba ta kuka, idon sawu ba ya kuka, ɓangarorin biyu suna murɗawa ruwa na wucewa ta tsagar. Ƙananan bugu yake so, da sauri-sauri, kuma a ruwa mai kwanciya yana kai ka nesa ba ka gaji ba. Duk mai ciwon gwiwa ko wanda shekaru suka ja, har yau shi nake nuna masa, kuma da zuciya ɗaya. Matsalarsa ta fito ne ranar da ruwa ke ja. Na buga da ƙarfi, ban ji ya kama komai ba, ƙafa na ta tafiya ni kuma ina nan kusa da dutse ɗaya. Masu ƙaunarsa suna cewa a ƙara sauri maimakon ƙarfi, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ƙara sauri ƙara numfashi ne. Abin da ya raba ni da shi gaba ɗaya kuwa bugun kwaɗo ne, wato ka lanƙwashe gwiwa, ka buɗe ƙafafu, ka haɗe tafukan a baya, ruwa ya tafi bayanka maimakon ƙasa. Da mai tsaga wannan bugun ba ya fita da kyau. A tafkinmu, inda laka ke kwance a ƙasa tana jiran abin da zai taɓa ta, bugun sama da ƙasa sau kaɗan ya isa ya mayar da ruwan duhu, ka kasa ganin hannunka. Mai neman abin da ya faɗa ruwa, ko Allah Ya kiyaye mai neman yaron da ya nutse da damina, ba zai so ya ɗauke wa kansa ɗan ganin da ya rage ba.

Sai gajeren nan na baƙar roba mai kauri, mai kafofi kusa da yatsu. Samfurinsa ya samo asali ne daga wanda Georges Beuchat ya fitar a Marsey ta Faransa a 1964, kamfanin Scubapro kuma ya bazu da shi da sunan Jet Fin, kuma har yanzu sojojin ruwa da masu shiga kogon dutse na ƙarƙashin ruwa suna riƙe da irinsa. Wanda na ara na wani kamfani ne daban mai wannan fasali. Ƙarfi kam ba a magana. Ka juya a wuri ɗaya, ka ja da baya, ka tsaya cak gaban kifi ba ka taɓa murjani ba. Amma nauyinsa yana jan ƙafafuna ƙasa idan ina cikin siririyar riga ta ruwan ɗumi, kuma bayan doguwar tafiya jijiyar sharaɓata ta ɗaure har sai da na kama bakin takalmin na miƙe ƙafar. Ga kuma akwati: mai kilo 23 a jirgi, da tsarabar gida a ciki, zai ji shi. Takalmi ne na mai nutso kullum, wanda ƙafarsa ta ginu a kai. Ni da nake ganin teku jefi-jefi, ya fi ƙarfin bukatata.

Wanda na riƙe shi ne Avanti Quattro na Mares, kamfanin Italiya da aka kafa a Rapallo a 1949. Fatarsa, wato faffaɗan gaban da ke tura ruwa, ɗaya ce ba tsaga, da layuka huɗu na roba mai taushi a tsakanin robar mai tauri. Idan ka buga, layukan suna lotsawa su tattaro ruwan su tura shi baya, bai zube ta gefe ba. Taurinsa matsakaici ne. Yana karɓar bugun sama da ƙasa idan ruwa na ja, yana karɓar bugun kwaɗo idan na kusanci laka, kuma ina fitowa da sauran iska fiye da yadda nake fitowa da baƙin. Na zaɓi rawaya da gangan. Ja ne launin da ke fara ɓacewa idan aka yi ƙasa, baƙi kuma a ruwa mai duhu ba a ganinsa, amma rawaya abokin nutsonka zai hango ta ya bi.

Maɗaurin dunduniya ƙaramin abu ne da na koyi girmamawa a bakin wani dattijo masunci a Madarunfa. Ya juya takalmin da ke hannuna a lokacin, mai ƙarfen ɗauri da bakin igiya a waje, ya ce, “Ɗana, wannan in ya shiga taruna, kai da shi za mu jawo.” Na ce, “Gaskiya ne, Baba.” Tun daga nan maɗauri mai talewa nake amfani da shi, na roba ko na murɗaɗɗen ƙarfe, wanda ba shi da abin da zai maƙale. Da yatsa ɗaya ake jansa, ko da hannu ya yi sanyi.

Duk wannan ba zai amfane ka ba idan takalmin bai zauna maka ba. Ƙanena ya taɓa ce mini, “Yaya, lamba 43 nake sawa, ka ce a sayo mini.” Na ce masa lambar takalmin kasuwa ba ta isa ba, domin masu buɗaɗɗiyar dunduniya da ƙarami da matsakaici da babba ake auna su, kuma awon kowane kamfani daban. A fara sayen boti, a ba ɗan saƙo shi ya tafi da shi kanti ya zura a ciki. Ya shige ba tare da an danna ba, kada ya yi rawa hagu da dama, dunduniya ta ɗan leƙo waje kaɗan. Wanda ya matse yana kawo ɗaurewar jijiya, wanda ya yi yawa yana kawo bororo a bayan ƙafa.

Kada kuma wani ya ɗauka boti kariya ce daga tsargiya. Ruwa na shiga cikinsa, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga, a ruwan tafki da kududdufi inda dodon-koɗi ke zaune. Wanda ke yawan shiga irin wannan ruwa ya riƙa zuwa likita ana duba shi.

Wani lokaci akan ci karo da takalman nan cikin kayan bosho da ke fitowa daga Kotonu, da araha ƙwarai. Ana samun na kirki. A lanƙwasa fatar a duba haƙarƙarin gefe ko ya fara tsagewa, a duba maɓallin da maɗauri ke kamawa, a murza robar da yatsa, idan ta yi gari ko ta yi danƙo a bar ta. Zafin Maraɗi ma yana yi wa sabo irin wannan ɓarna. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, takalmin da aka bari cikin mota ko ƙarƙashin rufin kwano zai karkace, kuma ba ya komawa daidai. Nawa ina ɗauraye shi da ruwan famfo, ya bushe a inuwa, in kwantar da shi a shimfiɗe ƙarƙashin gado, ba a tsaye a kan bakinsa ba, in cusa tsumma a cikin ramin ƙafar don kada ya lotse.