Fitilar keke: dainamo, mai batir ko mai caji, wacce za ka saya?

Kafin ka tambayi farashi, fara sanin abin da ƙa'ida ta nema. Yarjejeniyar Viyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda Najeriya ta shiga a 2018, ta tanadi keke ya kasance da birki mai ci, da ƙararrawa, da farar fitila ko mai ruwan ɗorawa a gaba, da jar fitila a baya, da kuma jan rifilekta a baya, wato robar nan mai maido da hasken mota. Don haka tocilar waya a hannu ba ta wadatar ba, kuma fitilun nan masu shuɗi da kore da samari ke so a Birnin Kebbi ado ne kawai. Fari a gaba, ja a baya: da haka direba yake gane ko nufo shi kake yi ko gaba ka dosa.

Dainamo ita muka gada a kan Rali da Phoenix na iyayenmu. Kanta yana gogar gefen taya, ta ba da wuta kamar bolt 6, wat 3. Ba ta cin batir, ba ta jiran a kawo wuta, kuma ɓarawo ba ya zare ta a tsaye. A Jamus har zuwa 2013 ita doka ta wajabta wa yawancin kekuna. Amma tana ƙara wa feda nauyi, tana cin gefen taya, kuma da damina idan tayar ta kwaso laka sai ta riƙa zamewa. Aibinta mafi muni: da ka tsaya, ta mutu. Mai keken da ya tsaya zai tsallaka titin Kalgo zuwa Jega da dare, a daidai lokacin da ya fi bukatar a gan shi yake komawa duhu.

Mai ƙananan batura tana da arha ranar saye, tsadarta na zuwa daga baya. Ni a bayan keke kawai nake ganin amfaninta, domin jar fitila ba ta zuƙar batir sosai.

Mai caji da wayar USB ta fi su haske, kuma ko ba wuta a gida, mai cajin waya ko ƙaramar sola ta isa. Kada lambar lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, da ke jikin kwali ta ruɗe ka; masu arha sukan cika baki. Ka duba mariƙinta: roba mai laushi ba ta jure gargadar hanyar fadama da ranar Maris. Murfin wurin cajin kuma ya rufu ƙam saboda ƙurar hunturu da ruwan sama. In ka ɗaura, ka karkatar da ita ƙasa kaɗan, kada ka kashe wa masu zuwa ido.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi jar fitilar baya da rifilekta tukuna. Abin da ke gabanka kana ganinsa, ka kauce. Tirelar da ta taso daga Yawuri tana bayanka, ita ce sai ta gan ka. Rifilekta ba ya mutuwa, sai dai ƙura ta rufe shi, kuma shafa ɗaya da hannun riga ta gyara. Manomi mai sammako zuwa fadamar Argungu ya lura da inda ya ɗaura: buhun shinkafa ko jarka a kan kariya na rufe fitilar da ke ƙarƙashin sirdi gaba ɗaya. A mayar da ita ƙarshen kariya ko kan madigadi.

Shawarata ga ɗan gari: mai caji gaba da baya. Ga na ƙauye: dainamo a gaba, mai batir a baya. Kowacce ka zaɓa, sa mai shago ya kunna ta a gabanka, ka girgiza ta, in ta yi ƙifta-ƙifta ya canzo wata.