Gargaɗi kan masu tallar injin turbo da sunan «sai ɗaurawa kawai»

Ana jan hankalin masu sha'awar farfaɗo da tsofaffin motoci a Kaduna da kewaye, musamman masu Fijo 504 da 505 da tsofaffin Marsandi, game da wata damfara da ake yi ta Facebook da WhatsApp. Masu yin ta suna tallar injin Beljiyam mai turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi, wanda aka cire daga mota mai jan gaba, suna cewa sun haɗa shi da duk kayan da za a ɗora shi a mota mai jan baya, har ma su yi alƙawarin cewa kowane bakanike zai gama ɗaurawa a yini guda. Wannan alƙawari shi ne ƙaryar da duk cinikin ya ginu a kanta, kuma wanda ya san yadda aikin yake ba zai tura ko kwabo ba.

Ba abin mamaki ba ne da suka sa wannan gari a gaba. Tun 1975 masana'antar Fijo da ke Kakuri ta fara haɗa 504, shi ya sa har yau ake samun gangar jikin motar a gidaje da gareji, wasu lafiya lau sai dai injin ya gaji. Mai irin wannan mota idan ya ji an ce injin 406 mai turbo, mai lita 2, zai shiga cikinta ba wahala tunda duk Fijo ne, zuciyarsa takan kwanta. Sunan kamfanin ne kawai ɗaya. 504 da baya take ja, 406 kuwa da gaba, kuma tsarin injinansu ya sha bamban.

Yadda suke yi kusan iri ɗaya ne. Za a nuna bidiyon mota tana zuba gudu, wanda galibi an kwaso shi ne daga wata ƙasa, sannan a ce kayan suna Legas, a kasuwar Ladipo ko a tashar jiragen ruwa, kuma saura ɗaya tak, ga wani yana shirin biya. Da an tura kafin alƙalami sai a aiko da hoton takardar lodi, bayan kwana biyu a ce kwastan sun tsare motar a hanya ana buƙatar ƙari, daga nan a nemi kuɗin direba, har ranar da lambar wayar za ta daina shiga. Sunan da ke kan asusun da ake tura kuɗin sau da yawa ba shi ne sunan mai tallar ba, idan aka yi magana kuma sai ya ce na yaron shagonsa ne.

Akwai kashi na biyu da ya fi wannan haɗari, domin su suna kawo kaya da gaske. Inji zai iso tasha a wanke tas, har da sabon fenti, tare da wani faifan ƙarfe da aka yanka da wutar walda aka huda shi da ƙiyasin ido, wai shi ne zai haɗa injin da giyabos. Mai saye ba zai gane an cuce shi ba sai motar tana gareji an riga an sauke tsohon injinta, lokacin da komawa baya ma ta zama wani sabon kashe kuɗi.

A mafi yawan motoci masu jan gaba injin yana kwance ne a gicciye, giya da aksul suna cikin kwanso ɗaya, ƙarfi yana fita ta shaf biyu zuwa tayoyin gaba. A mai jan baya kuwa dole injin ya miƙe daga gaba zuwa baya, giyabos a bayansa, farfela ta kai ƙarfin zuwa aksul na baya. Da zarar an juya injin, duk abin da yake ɓangaren giya ya koma baya. Mafitar ruwan lagireto da sauran abubuwan da ke ƙarshen tof silinda sukan koma suna tokarar bangon da ya raba inji da mazaunin direba, bakin shaƙar iska ma yakan fuskanci inda babu wuri. Kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji yakan zauna daidai kan ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba da sitiyari, don haka sai an sake masa siffa tare da bututun da ke zuƙo man. Idan aka canza karkatar injin ba a gyara wannan bututu ba, zai riƙa zuƙar iska a kwana ko a hawa, kuma turbo, wanda yake juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, ba ya jure yankewar mai ko na ɗan lokaci.

Wurin da aka fi yin asara shi ne mahaɗar inji da giyabos. Ramukan kusoshin ba sa dacewa, saboda haka ana buƙatar faifan haɗi da aka auna aka sassaƙa a inji, ta yadda tsakiyar kiranshaf, wato babbar sandar da ke juyawa cikin inji, da tsakiyar sandar giya za su zauna a layi ɗaya. Kuskuren rabin milimita ya isa ya riƙa cin boris da kuloci har giya ta fara kuka. Bayan haka, sandar giyabos na mota mai jan baya tana buƙatar ɗan ƙaramin boris a gindin kiranshaf da zai riƙe bakinta, alhali injinan jan gaba da yawa ba su zo da shi ba, sai an yi masa mazauni. Ga batun fulawil, wato faifan ƙarfe mai haƙora da ke bayan inji, da kik, waɗanda dole haƙoransu su haɗu daidai. A 504 salun kuma farfela tana cikin wani bututun ƙarfe ne da ya haɗe giya da aksul, don haka ba a matsar da giyabos gaba ko baya yadda aka ga dama, kuma sa wani giyabos daban yana nufin sake tsarin ƙasan motar.

Wasu daga cikinsu sun ɗan san kan mota, shi ya sa suke kawo hujja da injin Volkswagen 1.8T na Passat ko Audi A4, suna cewa ai shi a miƙe yake tun daga masana'anta. Gaskiya ne a miƙe yake, amma giyabos ɗinsa tayoyin gaba yake juyawa, ko duka huɗun a wasu samfuran, don haka matsalar haɗa shi da giyar jan baya tana nan daram.

Sai batun wuta da mai, wanda ba sa ambatonsa ko kaɗan. Injin turbo na shekarun 1990 yana aiki ne da kwamfutarsa da wayoyinsa, wasu ma ba sa tashi sai da makullinsu na asali ko lambar sirri, ga shi masu cire inji sukan datse wayoyin da almakashi. Tsohuwar mota mai kafireto ba ta da famfon da zai tura fetur da ƙarfin da nozul ke buƙata, sau da yawa kuma ba ta da bututun mayar da ragowar mai tanki. Tiyon roba na kafireto da aka bari a wannan matsi kusa da turbo mai zafi, gobara ake nema. Birki da aksul ma an yi su ne don ƙarfin tsohon injin.

Wannan ba ya nufin aikin ba ya yiwuwa. A kasuwar Fanteka ta Kaduna akwai masu sassaƙa ƙarfe da masu walda da rewaya da suka iya hannunsu, kuma irin wannan aiki a wurinsu ake yin sa, da mota a gabansu suna aunawa suna gwadawa na tsawon makonni. A ganina, duk wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin motarka ba amma ya yanke maka farashi da ranar gamawa, ko dai bai san aikin ba ko kuma bai yi niyyar yin sa ba. Wanda yake son ƙarin ƙarfi a 505 ya sani cewa kamfanin ya taɓa fitar da ita da turbo, kuma neman injin da asalinsa na jan baya ne ya fi sauƙi ƙwarai.

Kafin a biya komai, a tambayi mai tallar lambar injin da irin motar da aka cire shi, da sunan giyabos ɗin da faifan zai haɗu da shi, da kuma abin da aka yi wa kaskon mai. A nemi ya yi kiran bidiyo kai tsaye, ya nuna lambar a jikin injin, ya kama sandar turbo ya girgiza ta a ga ko tana lilo. Macuci yakan fusata a wannan gaɓa, ya ce ana zarginsa, ko ya koma rantse-rantse. Idan kayan suna Legas, a sa wani amintacce ya je ya gani da idonsa. Idan suna Kaduna, a je da bakanike a gwada matsin kowace silinda, a duba ko akwai mai a bututun iska, sannan a karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji saboda takardun mota da kuma kauce wa sayen kayan sata.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya ƙara ko sisi da sunan kuɓutar da na farko. Ya garzaya bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya adana hotunan hirar da shaidar tura kuɗin da lambar asusun, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna, domin karɓar kuɗi ta hanyar yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar zamba ta 2006.