Ranar Andarawus da Daren Burns: wanne 'yan Sikotland na ƙetare suka fi rayawa?

Malam, tambayarka ita ce me ya sa kalanda ke nuna 30 ga Nuwamba a matsayin ranar Sikotland amma ba a jin ɗuriyarta a ƙasashen waje, sai ƙarshen Janairu hotunan liyafarsu su cika gari. A hukumance ranar Andarawus ta 30 ga Nuwamba ce babba, amma wajen tara jama'a Daren Burns ya yi mata fintinkau.

Andarawus ɗaya ne daga cikin almajiran Annabi Isa, shi Kiristocin ƙasar suka riƙa a matsayin majiɓincinsu, farin gicciyen da ke tutarsu ma alamarsa ce. 'Yan ci-rani sun daɗe suna raya ranarsa: a 1729 suka kafa ƙungiya da sunansa a Charleston ta Amurka, a 1756 wata a New York, don tallafa wa 'yan uwansu da suka iso hannu rabbana. A gida kuwa sai a 2006 majalisar Sikotland ta amince ta zama ranar hutun bankuna, kuma ba dole ba ne mai kamfani ya sallami ma'aikatansa. Raunin ranar shi ne babu takamaiman abin da ake yi. Yawanci cin abinci ne da rawa na 'yan ƙungiya, ga shi ta faɗo daf da hidimar Kirsimeti. Kuma Rasha da Girka da Romaniya duk suna ji da Andarawus, ba nasu ne su kaɗai ba.

Daren Burns, 25 ga Janairu, ranar haihuwar mawaƙinsu Robert Burns ce, wanda aka haifa a Alloway a 1759. Abokansa ne suka fara zaman tunawa da shi a 1801, kuma tsarin zaman sananne ne daki-daki. Mai busa algaitarsu mai jaka ya shigo, kuku na biye da shi ɗauke da haggis a faranti, kowa ya miƙe tsaye. Haggis kayan cikin tunkiya ne, zuciya da hanta da huhu, a niƙa da hatsi da albasa a dafa cikin tumbi. Wani ya tashi ya yi wa abincin kirari da baitocin Burns, ya zare wuƙa ya farke shi, tururi ya tashi, a ci da dankali. Sai jawabin tuna mawaƙin, namiji ya tsokani mata cikin raha, mace ta tashi ta rama. Akwai wiski a teburin, ka san da wannan in an gayyace ka. A ganina wannan tsari ne ya sa bikin ya bazu, don ko gida ɗaya a Toronto ta Kanada ko Dunedin ta New Zealand zai iya shirya shi a falo. A Amurka dai an hana sa huhu a abinci tun 1971, nasu haggis ɗin babu huhu.

Sai dai dukansu biyu bukukuwan cikin ɗaki ne, shi ya sa ba su kama ƙafar ranar Patrick ta mutanen Ailan ba, wadda har kogi ake rinawa kore a Chicago. In fareti kake nema, Ranar Tartan ce (tartan yadin gargajiyarsu ne mai layuka a gicciye), 6 ga Afrilu, wadda aka faro a Nova Scotia ta Kanada, majalisar dattawan Amurka ta amince da ita a 1998. A makon wannan rana ne masu algaita ke cika titi a New York. A Ostireliya kuma 1 ga Yuli suke yin tasu.