Ƙaramin dutsen guga ko babba: amsa ga 'yar uwarmu mai bargon ƙyalle

Wata 'yar uwarmu da ke ɗinki a gida a Agege ta yi tambaya: tana haɗa ragowar atamfa tana yin bargon jarirai da ƙananan jakunkuna, ta ga ana tallar ƙaramin dutsen guga na lantarki, shin ta saya ta daina amfani da babban? Ƙanwata, kada ki daina amfani da babban. Amma ƙaramin ma yana da wurin da babban ba ya iya shiga, kuma ga irin aikinki wurin nan yana da yawa.

Da farko ki sani ƙaramin iri biyu ne. Akwai mai doguwar mariƙa kamar alƙalami, kansa ɗan ƙarfe mai kusurwa uku wanda bai fi babban yatsa ba, irin na kamfanin Clover na Japan. Akwai kuma mai siffar dutsen da muka saba, sai dai girmansa tafin hannu, irin na Oliso da Prym.

A aikin haɗa ƙyalle, abin da kike bari a bakin ɗinki kwata inci ne, wajen milimita 6. Kowane ɗinki sai an kwantar da shi kafin a ɗora na gaba, in ba haka ba kusurwoyi ba za su haɗu ba, bargon ya fito da tudu da kwari. Babban dutse yana kwantar da ɗinkin da kike so, amma faɗinsa yana taka na kusa da shi ya juyar da shi, ga nauyin da ke sa hannu ya riƙa ja. Ja kuwa shi ne ke ɓata ƙyallen da aka yanka a karkace, don yana miƙewa kamar roba kuma ba ya komawa. Ƙaramin yana koya wa hannu ɗora ka ɗaga. Yana zaune gefen keke a kan tawul da aka ninka, kina ɗinki kina dannawa ba tare da kin miƙe ba. Wadda ta taɓa tashi sau hamsin a wuni zuwa teburin guga ta san abin da bayanta ya gaya mata da dare. Cikin jaka, bakin aljihu, kwalar rigar yaro, manna fure ko ston a jikin abaya, duk mai kan alƙalamin nan ya fi kowa iyawa.

Inda babban ya yi masa nisa shi ne zafi mai zama da nauyi. Atamfa auduga ce, tana son zafin ɗigo uku a ma'aunin zafin dutsen, wajen digiri 200, da tururi. Yadi shida da kika sayo a kasuwar Balogun kika wanke ba ƙaramin dutse zai miƙar da shi ba, sai dai ki wuni. Haka gam ɗin da ake manna wa bayan yadi: in shimfiɗar tana da faɗi, ƙaramin yakan bar wurare ba su kama ba, bayan wanki ɗaya sai ki ga ya kumbura. Gugar ƙarshe kafin a miƙa wa mai kaya ma ta babban ce.

Sai maganar wuta, wadda a Legas ita ke yanke hukunci. Babban dutse yana cin watt 1000 zuwa sama da 2000. Ɗan ƙaramin janareta bai kai watt 1000 ba, da kin jona sai ya shaƙe. Mai kan alƙalami bai kai watt 50 ba, ko inbata tana ɗaukarsa. Amma kada ƙanƙanta ta ruɗe ki, wasu masu girman tafin hannu suna cin watt 1000 cif. Ki juya ki karanta abin da aka rubuta a jiki. Ki duba bolt ɗin ma: wutarmu 220 zuwa 240 ce, ta Amurka 120. Wata 'yar uwata ta taɓa kawo mini tsarabar ɗaya daga can, na jona da murna, ko minti ɗaya bai yi ba ya yi ƙauri ya mutu. Har yau abin yana yi mini ciwo, don laifina ne, ban karanta ba.

In akwai yara a gida, ki kula da mai kan alƙalamin. Ba kai kaɗai ke zafi ba, har ƙarfen wuyansa, kuma igiyar takan janyo shi ƙasa. Ni cikin tsohon kofin tangaran nake tsayar da nawa.

Da ni ce ke, tunda barguna da jakunkuna ne aikin, mai girman tafin hannu zan fara saye in unguwarku tana samun wuta. In kuwa rabin wuninki a kan janareta ne, ɗauki mai kan alƙalami, ki tara gugar manyan shimfiɗu sai an kawo wuta, ko ki hura na gawayi ki sa farin ƙyalle tsakani saboda toka.